Gefen Hagu na Todak

Ƙarar ta fara ne bayan sallar isha, lokacin da ruwa ya cika har yana lasar ƙasan ɗakina da ke kan ginshiƙai a bakin teku. Gurrr, sai shiru. Gurrr, sai shiru. Ba kukan igiya ba ne, ba kuma kwanon rufi ba, don waɗannan na san muryarsu kamar ta 'yan gidanmu. Na ajiye ƙafar 'yar tsanar da teku ya kawo mini, wadda nake kankare wa gansakuka, na kasa kunne. Daga gidan kulob ɗinmu na tseren jirgin ruwa take fitowa, 'yan taku kaɗan daga ƙofata.

Zuciyata ta ce ayu ne. Tun ina yaro nake jiran ranar da zan ga ayu da idona. Kakata ta ce yakan shigo ƙarƙashin gidaje ya soshe bayansa da ginshiƙi, kuma wanda ya haɗa ido da shi ba ya ƙara jin tsoron ruwa. Na ɗauki tocila na fita, ko takalmi babu.

Ba ayu ba ne. Maƙwabciyata ce, Kamsiah, wadda duk muke kira Mak Ngah, wato gwaggo, zaune a cikin Todak.

Todak shi ne jirgin tserenmu, dogo siriri mai ƙyallen kama iska. Yana kwance kan matokaransa a tsakiyar rumfa, hancinsa na kallon ƙofar teku. Ita kuwa tana can baya kan bencin matuƙi, ta gefen hagu, ta ture tarin igiyar da kullum ke wurin. Ta rungume babban filafilin tuƙi tana karkata shi a hankali, kamar akwai ruwa a ƙarƙashinta. Gogarsa da bakin jirgi ce ke yin gurrr.

"Kashe fitilar nan, Tahar, kana kashe mini ido."

Na kashe. "Mak Ngah, a cikin jirgin kike."

"Allah Ya ƙara maka basira. Da na ɗauka a kasuwa nake."

"Mace ba ta shiga Todak."

"Tun kana da gashi a ka nake shigarsa. Da ina ɗaura wa filafilin tsumma ne don kar a ji. Yau yatsun sun ƙi ƙulli."

Mijinta, marigayi Bakar, yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin. Da ya rasu mabuɗi ya zauna a hannunta, ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya ce ta kawo. Kulob ɗinmu ba shi da ma'aikaci. Ranar Lahadi ake aikin gayya: maza su zo su buga ƙusa biyu, su sha kofi, su yi gardamar tseren bara har azahar. Sauran kwanakin mako nata ne. Ita ke ɗinka ƙyalle, da hannun hagu, don bahaguwa ce. Ita ke dafa ƙaro ta toshe tsagar katako, ita ke fenti. In ruwa ya janye ta shiga laka har gwiwa da 'yar gudumarta, tana ƙwanƙwasa ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya don ta ji wanda tsutsar teku ta cinye wa ciki.

"Likitan birnin Batam ya ce abin da ke cikina ya riga ya yi gida," in ji ta cikin duhu. "Wai in kwanta a gadonsu. Na ce ina da ƙyalle a bakin allura."

Na ce Allah Ya sawwaƙe.

"Amin. Saurara. Ranar da za a tsallaka da ni Tsibirin Kabari, ba zan shiga jirgin injin Derus ba. Ba zan je gaban Ubangijina ina warin dizal ba. Todak ne zai kai ni."

"To ki faɗa musu kin daɗe kina shiga mana. Ga shi bai nutse ba, har tsere ya ci, ba sau ɗaya ba."

"Lallai a aji uku ka tsaya. In na faɗa, wanda aka ci su ce ƙarfinsu ne, wanda aka faɗi kuwa duk su ɗora mini. Wannan zaman nawa ne, ba na kowa ba. In ka buɗe baki, Allah Ya sa ka mutu ba ka ga ayun nan naka ba."

Ta san inda za ta kama ni.

Ranar Lahadi ta bari har kowa ya riƙe kofinsa, sannan ta faɗa musu wasiyyarta, tana zaune kan jarka da ƙyalle a cinyarta. Pak Haji Derus, shugaban kulob, ya ajiye kofi a hankali. Mutumin kirki ne. Duk gawar da aka tsallaka da ita daga ƙauyen nan a jirgin injinsa ta tafi, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba.

"Mak Ngah, wace irin magana ce wannan da safe? Allah Ya ba ki lafiya."

"Amin. In bai ba ni ba fa?"

"Kin san yadda muka gada. Mace ba ta shiga jirgin tsere, gawa ba ta shiga."

"To ni zan zo muku da duka biyun a tafiya ɗaya, ku huta."

Wani ya ƙware da kofi. Pak Haji bai yi dariya ba.

"A wane littafi ka gani, Pak Haji?" ta ce. "Kai ka je Makka. Ko a can aka rubuta?"

"Ba a littafi ba ne, na yarda. Amma yaran nan su ke rataye a igiya a saman teku ranar tsere, ba ni ba, ba ke ba. In zuciyar mutum ta ƙi jirgi, hannunsa yakan saki."

Atan ya matso. Shi ne matuƙin Todak, ɗan ƙanin mijinta, a gabanta ya girma. "Mak Ngah, tseren ranar 'yanci ya kusa. In gawa ta shiga, rabin yarana ba za su ƙara taka shi ba. Ni ba ruwana da camfi, amma ba zan tuƙa jirgi ni kaɗai ba."

"Ba ruwanka da camfi? Wa ke ɗaura maka lemon tsami a hancin jirgi duk shekara, kana cewa in ƙara ɗaya?"

Atan ya sosa ƙeya ya koma baya.

"Za mu rubuta sunanki a saman ƙofar nan," in ji Pak Haji. "Da manyan baƙaƙe. Kin cancanci fiye da haka ma."

"Derus," ta ce, ta cire masa Haji a gaban kowa, "da bakin zanena na share maka majina. Sunana na san shi, ba sai na karanta a ƙofa ba."

Ta cije zare, ta tofar.

"Ina gwangwanin giris ɗin da ya rage bara?" ta ce.

Kowa ya ɗauka ta haƙura ne.

Daga ƙofar rumfa zuwa ruwa akwai wata tsohuwar magangara ta katako. A zamanin Bakar a kanta ake mirgina jirgi bisa gungumen kwakwa. Ta ruɓe tuntuni, tun daga nan kuma a kafaɗa ake sauke Todak, ƙarti kusan ashirin, ana ihu ana kirari. Maza sun fi son haka, don akwai masu kallo.

Washegari ta aiko aka kira ni. Na same ta a bakin magangarar kan kujerar roba, ta lulluɓe da tawul duk da zafin rana.

"Tarkacen nan da kake tarawa bayan ɗakinka, akwai gungumen kwakwa a ciki?"

"Akwai. Ɗaya ma yana da kamar fuskar mutum."

"Kawo shi da fuskar tasa. Ina son magangarar nan ta dawo yadda tsoho ɗaya da mata huɗu za su iya sauke jirgin nan ba kafaɗar kowa."

Na dube ta. "Wane tsoho?"

"Ka ga wani a nan?"

"Mak Ngah, ni fa ko kyanwa ban taɓa kora daga kan kifina ba."

"Shi ya sa na zaɓe ka. Ba wanda ke kallon abin da kake yi."

Haka muka shiga aiki, ita baki, ni hannu. Ni ban iya komai ba, in faɗi gaskiya. Ina cikin sassaƙa sai in tsaya kallon wata ƙaguwa da ta shige murfin kwalba ta mai da shi gida, sai in ji 'yar guduma ta sauka kusa da ƙafata. Ta sa na cire ruɓaɓɓun katakai na buga sababbi. Ta sa na feƙe kowane gungume, na mirgina shi a gabanta, in ya yi ɗingishi ta ce a sake. Giris ya ƙare, muka koma tsohon man kwakwa da mata suka gama suya da shi, rumfa ta yi ta ƙamshin soyayyar ayaba.

Pak Haji ya biyo wata rana ya tsaya yana kallo, ya ji daɗi. "Mak Ngah, ki huta mana. Muna da kafaɗu."

"Wata rana za a neme su a rasa," ta ce.

Ya yi dariya ya wuce.

Ba mu taɓa gwadawa ba. Ba yadda za a gwada ba a gani ba.

Da jiki ya ƙi, 'yarta Rohani ta baro masana'antar da take aiki a Batam ta dawo gida. Aka shimfiɗa wa Mak Ngah tabarma a bakin ƙofa inda take hango rumfa. Kunun sago ma ya daina zama a cikinta. Ƙyallen na nan a gefenta, saura ɗinki ɗaya dogo a gefensa. Ta yi rabi, allura ta faɗi, ta laluba ba ta samu ba. Rohani ta ɗauka ta ci gaba, uwar na gyara mata da baki.

"Matse. Kina ɗinki kamar mai jin tsoron ƙyalle."

"Mak, ki bar ni in yi da hannun da Allah Ya ba ni."

"Hannun dama. Duk lalacewar duniya daga nan take."

Da Rohani ta shiga ɗebo ruwa, ta yafito ni. Muryar ta koma kamar ta yaro.

"Na faɗa wa Rohani. Ta san matan da za ta kira. Gungume na ƙarshe yana karkata dama, Tahar. Ka sa masa ƙafa."

"To."

"Ba to ba. Ka sa masa ƙafa."

Ranar Talata da hantsi ta cika, ruwa na kan kawowa.

Mata suka yi mata wanka suka sa likkafani. Bayan azahar aka sallace ta a masallaci. Na tsaya a sahun ƙarshe dab da ƙofa, da aka yi sallama liman ya shiga doguwar addu'a, na sulale. Daga can matsaya ana jin jirgin injin Pak Haji, an riga an tayar da shi yana tofar da hayaƙi.

Na sami Rohani a rumfa da matan uku da suka yi wankan, hannuwansu na ƙamshin kafur. Sun riga sun jawo sandar ƙyalle da ƙyallen sun kwantar a cikin jirgi. Na ɗauki gudumar Mak Ngah daga kan ƙusa na buge matokaran. Matan suka sa kafaɗa a bayan jirgi.

Da fari bai motsa ba. Sannan ya yi wani nishi irin na tsohon da ke tashi daga tabarma, ya hau gungume na farko, ya hau na biyu, daga nan shi ya ja mu. Ina gudu a gefensa. Na ga gungume na ƙarshe, mai fuskar mutum, ya fara karkata, na danna masa ƙafa da duk nauyina. Babban yatsana har yau bai dawo daidai ba. Todak ya faɗa ruwa, ya yi lilo, ya tsaya dab da hanyar katakon da za a bi da makara.

A lokacin suka ɓullo, makara a kafaɗa, Pak Haji a gaba. Suka tsaya cak.

"Wa ya sauke jirgin nan?"

"Mu ne, Pak Haji," in ji Rohani. "Ba mu taka cikinsa ba tukuna. Amma in ba wanda zai shiga, za mu shiga."

"Rohani, ki ji tsoron Allah. Gawa na jira a rana."

"Ta daɗe tana jira, Pak Haji."

Ba wanda ya motsa. Masu makara suka sauya kafaɗa. Injin na ta bugawa a can. Na ga in aka ƙara jimawa haka, kunya za ta sa kowa ya bi hanyar da ya saba. Sai na ga kaina ina sauka cikin jirgin. Ban taɓa shiga Todak ba, don tun ina saurayi aka ce ni mai kallon gajimare ne, zan kifar da mutane. Na rarrafa baya na ɗauki filafilin tuƙi.

"Ku sauko da ita," na ce. Muryata ta fito siririya. "Ni zan kai ta. In mun kife ku binne mu tare, kun huta da tafiya biyu."

"Pak Usu, fito," in ji Pak Haji, da sunan da ake kirana a ƙauye, wato kawu. "Ba ka da lafiya."

"Ban taɓa samu ba, Pak Haji. Ba yau aka fara ba."

Atan na riƙe da kusurwar makara, amma ba makara yake kallo ba. Hannuna yake kallo. Fuskarsa ta yamutse kamar an taka masa ƙafa.

"Pak Usu, ba haka ake riƙewa ba."

"Haka na iya."

"Ka juya shi kansa a ƙasa. Za ka karya mini filafili."

"To ya karye."

Ya yi tsaki, ya ce da na kusa da shi, "Riƙe nan." Ya diro cikin jirgi ya fizge filafilin daga hannuna. Yana riƙe da shi ya tsaya, ya dubi inda yake, ya dubi mutanen da ke sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "A kafa sanda. Ku sauko da Mak Ngah a hankali, kan ta gaba."

Ba duka yaransa suka shiga ba. Wasu suka koma baya suka bi Pak Haji zuwa jirgin inji, ba su ƙara ko kallon wajenmu ba. Waɗanda suka shiga ba su kai yawan da ake buƙata ba, shi ya sa ba a kore ni ba. Aka ba ni gwangwani aka ce in kwashe ruwa. Ban sami ko ɗigo na kwashewa ba.

Aka ja ƙyalle ya hau. Iska ta cika shi, jirgi ya karkata, samari biyu suka rataye a igiya a waje, warin dizal ya tsaya a bayanmu. Ba ƙarar komai sai ruwa da ke tsagewa. Rohani da matan na tsaye a bakin magangara har suka ƙanƙance. Na zauna kusa da makara na dafa ta don kar ta zame. Da na ɗaga kai na ga dogon ɗinkin nan na gefen ƙyalle. Daga sama zaren ya kwanta gefe ɗaya har tsakiya, daga nan ya juya ya kwanta ɗaya gefen. Na yi ta kallon wurin da ya juya har muka isa. Sai da muka dawo na tuna ban duba ruwa ko sau ɗaya ba don neman ayu.

Mun riga jirgin inji isa. Atan bai faɗa wa kowa ba, amma na ga ya waiwaya ya auna tazarar da ido.

Kwana biyu Pak Haji bai amsa mini gaisuwa ba. Uku daga cikin yaran Atan suka ce sun bar kulob, ɗaya ya dawo, biyu suka koma jirgin wani ƙauye. Ba wanda ya san ko za a cika adadi kafin ranar tsere. Ranar Lahadi Pak Haji ya zo da kwandon lemon tsami ya ce a wanke jirgin daga hanci har wutsiya, ko zukata sa kwanta. Aka jawo Todak bisa gungumen, mutum biyar kacal, ba wanda ya ce uffan game da magangara.

Shi da kansa ya shiga da bokiti, ya naɗe hannun riga. Aka fitar da komai na ciki. Da ya isa baya ya ɗaga tarin igiyar nan da kullum ke kan bencin matuƙi ya miƙa wa Atan, ya sheƙa ruwa, ya sa soso. Sai ya tsaya. Ya ajiye soson ya shafa wurin da tafin hannu. Duk bencin shuɗin fenti ne, amma gefen hagu fentin ya goge, katakon ya yi sumul yana sheƙi, ya ɗan lotsa daidai zaman mutum ɗaya marar ƙiba.

Atan na tsaye da igiya a hannu, ya kai idonsa kan jarkar Mak Ngah da ke bakin ƙofa, wadda ba wanda ya zauna a kai tun safe. Ni kuwa na duƙa ina duba yatsana.

"Atan," in ji Pak Haji, "ba ta dama kake zama ba? To wa ya cinye wannan gefen haka?"

Ruwan lemon ya taru a cikin ɗan kwarmin, ya ƙi gangarowa.